Tikitina ya haɗiye Juma'a: daga Vancouver zuwa Brisbane

Baban Sadiya, Samaru

Assalamu alaikum, jama'ar zaure. Wata magana ce ta hana ni barci jiya, na ce bari in kawo ta nan, ko a dace da wanda ya taɓa ƙetare Tekun Fasifik a jirgi ya warware mani.

Aikina binciken dawa ne a nan Samaru, shekara 19 ke nan ina kai da komo tsakanin gonar gwaji da ofis. Iyakar nisan da na taɓa yi shi ne Makka, sai Hyderabad ta Indiya sau ɗaya. To bana Allah ya kawo wata tafiya mai rassa biyu a watan Oktoba. Zan yi kwana 6 a Vancouver ta ƙasar Kanada wurin wani taron bita, daga can in zarce Brisbane ta Ostareliya in yi mako 3 tare da masu binciken dawa na jihar Queensland. Mutanen nan sun yi nisa a kan irin dawar da ganyenta ke zama kore shar ko da ruwa ya ɗauke tana tsakiyar zuba ƙwaya, abin da mu ma muke nema ido rufe tunda damina ta koyi tafiya ba sallama. Biza biyun duk sun fito, alhamdu lillahi. Abin da ya ɗan ci mani rai shi ne tafiyar ta faɗo daidai lokacin da Kaurar da na shuka ke shirin nuna, sai dai yaran ofis su yi mani awo, amma wannan zancen wata rana ne.

Zuwa Vancouver babu gardama: Abuja, Istanbul, Vancouver, a jirgin Turkiyya. Dawowa ma mun daidaita: Brisbane, Doha, Abuja. Tsakiyar ce ta tsaya mani a wuya.

Jiya bayan la'asar na je wurin ejan ɗina mai sayar da tikitin jirgi a unguwar PZ ta nan Zariya, ya buga mani hanya uku a takarda. Ta farko jirgin Air Canada ne kai tsaye, ba ya sauka ko'ina. Ta biyu a sauka Los Angeles a canja jirgi, ita ce mafi araha, kuma ratar ba ƙarama ba ce, ta isa kuɗin makarantar yara biyu na zango guda. Ta uku ta Hong Kong ce, doguwa kamar hanyar Maiduguri.

Da na koma gida na shimfiɗa takardar a kan tabarma, sai idona ya faɗa kan ta farkon. Tashi: Alhamis, ƙarfe 11 na dare. Sauka: Asabar, 6:30 na safe. Tsawon tafiya: awa 14 da rabi. Na ƙirga da yatsu, na ɗauko biro na sake. Daga 11 na daren Alhamis zuwa 6:30 na safiyar Asabar awa 31 da rabi ne a lissafin da aka koya mana a firamare. Na buga wa ejan waya, ya ce, "Dakta, haka kwamfuta ta bayar." Na san akwai bambancin agogo tsakanin ƙasashe, ba yau na fara shiga jirgi ba. Amma bambancin da zai lanƙwame yini sukutum, kuma a rasa yinin da za a lanƙwame sai Juma'a?

Suɓutar bakin da na yi ita ce na faɗi maganar a gaban Hajiyarmu da na je gaishe ta a Ƙofar Doka da daddare. Da ma tun farko ba ta gamsu da "Bankuba" ɗin nan ba, haka take kiranta. Da ta ji babu Juma'a a hanya sai ta ajiye carbi ta dube ni ta ce, "Hanyar da babu Juma'a a cikinta, me ka ajiye a can?" Na yi dariya a gabanta, amma da abin na kwana.

To ga abin da nake son sani. Salloli biyar na Juma'ar nan, bashi ne a kaina in rama, ko yaya ake yi? Hanyar Los Angeles ɗin, akwai wani ƙulli a cikinta da ban gani ba? Ba ni da bizar Amurka, amma ejan ya ce ai ba gari zan shiga ba. Sannan, kada ku yi mani dariya, jirgi mai inji biyu tak ya shafe awa 14 a kan ruwa, idan ɗaya ya yi tari ina za a raɓa? Uwargida kuma ta riga ta fara haɗa kaya: yaji, kuka, daddawa, da kilishin da ta sa a yi mata. Irin shuka kam na san ba a ƙetare iyaka da shi sai da takardun hukuma, ban ma sa shi a lissafi ba. Amma kayan miya fa?

Kyaftin Mai Ritaya, Palladan

Wa alaikumus salam, Dakta. Ejan ɗinka bai yi kuskure ba, bayanin ne bai iya ba. A kwalejin jiragen sama ta nan Zariya na koyi tuƙi, don haka bari in ɗauki maganar agogo da ta inji, ta salla in bar wa masu ita.

A watan Oktoba agogon Vancouver yana bayan namu da awa 8, na Brisbane kuma yana gaban namu da awa 9. Haɗa su, 17. Ɗora awa 14 da rabi na tafiya a kai, ga 31 da rabinka nan cif.

In kana son abin ya zauna maka, bar agogon hannunka a kan lokacin Zariya. Sa'ad da jirginku zai ɗaga daga Vancouver, ƙarfe 7 ne na safiyar Juma'a a nan, yara na ɗaura jakar makaranta, mai ƙosai na kan wuta. Lokacin da jama'a ke tururuwa zuwa masallacin ƙofar fada, kai kana tsakiyar teku, can yamma da Hawai, cikin duhu. Za ka sauka 9:30 na daren Juma'ar a agogonmu. Wato Juma'ar Hajiya tana nan daram, kai ne dai za ka cinye ta a cikin dare, domin jirgin yamma ya nufa, shi da duhu suke tafiya tare, rana na biye da ku ba za ta cim muku ba sai dab da Ostareliya.

Tushen abin shi ne dole a samu wani wuri a bayan ƙasa inda yau ke ƙarewa gobe ta fara. A 1884 ƙasashe suka yi taro a Washington suka amince a riƙa fara awon duniya daga Greenwich ta Landan, layin nan da ya gangaro ya ratsa ta Tema a Ghana. Kishiyarsa ta ɗaya gefen duniya, digiri 180, ta faɗa tsakiyar Fasifik inda mutane ba su da yawa, shi ya sa layin canjin kwanan wata ya bi ta wajen. Wanda ya tsallake shi yana nufin yamma sai ya ƙara kwana ɗaya a kalanda, mai nufin gabas kuma ya rage. Da daga Brisbane za ka Vancouver, da sai ka tashi da hantsi ka sauka da sassafen wannan ranar dai, kafin ma lokacin da ka tashi. Layin kuma ba miƙaƙƙe ba ne, yana kauce wa tsibirai, kowace ƙasa ita ke zaɓar gefen da take so ta zauna. Ka gaya wa Hajiya akwai ƙasa guda da ta taɓa yin abin da za ka yi. Mutanen Samoa sun kwanta daren Alhamis 29 ga Disamba 2011, suka wayi gari Asabar 31 ga wata. Juma'ar suka tsallake ɗungurungum, don ranakun aikinsu su zo daidai da na Ostareliya da New Zealand, waɗanda suka fi ciniki da su.

Ban san ko ka lura ba, tafiyar nan taka zagaye duniya ce, ka fita ta yamma ka dawo mana ta gabas. Ragowar mutanen Magellan da suka fara yin haka a jirgin ruwa, da suka iso Cape Verde a 1522, littafinsu na cewa Laraba, mutanen gari na cewa Alhamis. Su ma sai da suka yi ta ƙirga da yatsu.

Sai maganar inji. Ba a barin jirgi mai inji biyu ya bi inda ya ga dama. Ana zana masa hanya ne yadda ko a ina inji ɗaya ya mutu, ɗayan zai kai shi wani filin sauka cikin adadin mintunan da hukuma ta amince wa wannan jirgin. ETOPS muke ce wa tsarin. Da can iyakar minti 60 ce, aka kai 120, aka kai 180, irin su Boeing 787 har 330 aka amince musu. Kai a taswira ruwa kake gani fayau, amma matuƙi yana da jerin maraɓa a gabansa tun kafin ya tashi, irin su Honolulu, da Nadi ta Fiji, da Noumea. Inji ɗaya yana riƙe jirgi lafiya lau, ana ta maimaita mana wannan a horo har ya zama jiki. Matuƙan ma ba biyu ba ne a irin wannan doguwar tafiya, ana ƙara wasu, suna karɓa-karɓa, akwai ɗan ɗakin da suke miƙe ƙafa.

Girgiza dai mai yiwuwa ka sha wajen tsakiyar duniya, inda hadari ke taruwa. Ɗamarar hadarin nan ce dai da ke kawo mana damina in ta hauro arewa, kai ka fi ni saninta. Ka bar bel ɗinka a ɗaure ko kana barci.

In ka sauka, kusa da filin jirgin Brisbane akwai wani tsohon jirgi a ajiye cikin gilashi, sunansa Southern Cross. Shi ne ya fara ƙetare Fasifik daga Amurka zuwa Ostareliya. Charles Kingsford Smith da mutum uku suka tashi daga Oakland ranar 31 ga Mayu 1928, suka yada zango a Hawai da Fiji, suka isa Brisbane 9 ga Yuni, fiye da awa 80 a sama. Ƙarar injinansa uku ta sa sai da rubutu a takarda suke magana da juna. Ka ɗauko mani hotonsa, ladan bayanina ke nan.

Alhaji Na Kwari, Sabon Gari

Kai Zage-zagi, duk bokon nan naku a ce araha ta ruɗe ku? Ai araha ba ta ado. Ni Bakano ne, kasuwa ta zaunar da ni Sabon Gari, digiri ba ni da shi amma fasfo huɗu na cika da hatimi.

Dakta, ɗauki biron nan naka ka soke Los Angeles. Amurka ba ta san wani abu wai shi "wucewa kawai zan yi" ba. Ko minti arba'in za ka yi a filin jirginsu sai da bizarsu. Daga Vancouver ma ba sai ka isa ba, jami'an shige da ficen Amurka a nan cikin filin jirgin Kanada suke zaune, a nan za a dawo da kai da akwatinka. Haka San Francisco, haka Seattle, haka Honolulu, duk kanwar ja ce. Ƙanin mai ɗakina aka yi wa irin wannan shekarun baya, wani ejan ya sayar masa da tikitin Meziko ta Amurka da wannan magana ta "ai ba gari za ka shiga ba". A kan kanta a Legas aka tare shi, tikitin kuma irin wanda ba a mayar da kuɗinsa ne. Har yau in aka ambaci Meziko sai ya tashi daga wurin.

Hong Kong ma cire ta. Mai koren fasfo sai da biza ko da ba zai fita daga filin jirgi ba. In an kawo maka ta Tokyo, ka duba da kyau, filin jirgi biyu ne da su, Narita da Haneda. In a ɗaya za ka sauka a ɗaya ka tashi, to shiga Japan ke nan, wata bizar ce kuma. Akwai jirgin Fiji da ke tashi daga Vancouver ya sauka Nadi, amma ba kullum ba. Ni dai in ni ne, na kai tsayen zan biya in huta.

Abu biyu ka sa ejan ya rubuta maka da hannunsa. Na ɗaya kaya. Daga Abuja an saba akwati biyu masu kilo 23, amma tunda tikitin tsakiyar daban ne, kada ka je Vancouver ka tarar akwati ɗaya aka yarje maka, ka biya na biyun da dalar Kanada. Na biyu lokacin tashi. In 11 na dare ne, to. In kuwa aka matsa shi ya haura sha biyu, kwanan watan ya canja, kai kuma tun daren jiyansa ya kamata ka je. Ni abin ya taɓa ci na a Guangzhou. Tikiti ya ce Laraba 12:30 na dare, na yini Laraba ina ɗaure kaya hankali kwance, na isa da daddare aka ce Alhaji jirginka yana Addis tun safe.

Maganar Juma'a kuwa, ku 'yan boko kun cika wahalar da kai. Wa ya ce dole daren Alhamis? Ka ce ya duba maka na daren Juma'a. Ka yi sallarka a Vancouver, ka ci abinci, ka hau jirgi, ka sauka Lahadi. Asabar ce za ta ɓata, ita kuwa babu mai cigiyarta.

Maman Ikram, Gyallesu

Malam, sannu da shiri, Allah ya kai ka lafiya. Ni ta Doha na bi sau biyu zuwa Melbourne wurin 'yata da ta haihu, ban bi ta Fasifik ba, amma zaman jirgin kusan ɗaya ne, ƙofar shiga Ostareliyar ma ɗaya ce. Ka ba uwargida wayar ta karanta wannan da kanta.

'Yar'uwa, kilishin nan ku cinye shi a gida. Tun Kanada ma ba a shiga da nama daga nan, balle Ostareliya da ta fi kowa tsanani. Tsibiri ne, suna tsoron cutar dabbobi da ƙwarin gona kamar yadda muke tsoron gobara da hunturu. Tun a jirgi za a raba wani ɗan kati mai tambayoyi, a amsa i ko a'a: nama, 'ya'yan itace, iri, ganye, zuma, kayan itace, maganin gargajiya. Abin da suke hukuntawa shi ne ɓoyewa. Wanda ya ce i, a duba, a ba shi abin da ya halatta a zubar da sauran, ya wuce ba ko sisi. Wanda ya ce a'a kare ya shinshino, tara ce ta dubban dalolinsu, har biza suna iya sokewa a nan take.

Zuwana na farko na cika jaka da kayan jego. Na amsa i, aka kai ni wani tebur. Wata baturiya da safar hannu ta buɗe ƙullin daddawa, ta ja da baya, ta tambaye ni mene ne. Na rasa Turancin daddawa, na ce wake ne da aka dafa aka bari ya kwana. Ta yi murmushi ta ajiye shi gefe, ban sake ganinsa ba. Yajin, da yake dakakke ne lukui, ta juya shi ta shinshina ta yi atishawa ta mayar mani. Don haka in za a ba shi wani abu, ya zama busasshe, dakakke, a leda mai haske, an rubuta sunansa a jiki, kuma ya sa a ransa ana iya karɓewa. Goro da zuma kada ma a fara. Asuwaki ma itace ne, ya faɗa. Tufa ko burodin da aka raba a jirgi, a bar shi a jirgi.

Kai kuma Malam, naka ya fi na kowa, don manomi ne kai. Katin yana tambaya ko ka shiga gona ko ka yi hulɗa da dabbobi cikin kwana 30 da suka wuce. Amsarka i ce, kada ka yi wata dabara. Yana kuma tambayar takalmin da ke da ƙasa a jiki. Takalmin gonar nan naka na Samaru, a sa buroshi da omo a wanke har cikin tsagar ƙasansa, a shanya, ka sa shi a saman akwati inda hannu zai kai da sauri. Akwai kuma tambayar ko ka kasance a Afirka cikin kwana 6 da suka wuce, saboda zazzaɓin shawara. Kai da za ka yi kwana 6 cif a Kanada ga kuma ranar da ta ɓace, kada ka tsaya lissafi da jami'i, ka riƙe katin rigakafinka tare da fasfo. Bizar Ostareliya ba a manna ta a fasfo, a kwamfuta take, don haka ka buga takardar da suka aiko maka kofi biyu.

Shekara 30 na yi ina aikin jinya, bari in sa baki a kan jikinka. Ka nemi kujerar bakin hanya, ba ta taga ba, ai duhu ne babu abin kallo. Duk bayan awa biyu ka tashi ka taka zuwa bayan jirgi ka dawo, a zaune ma ka riƙa motsa ƙafa, saboda jini na iya daskarewa a jijiyar ƙwauri in an daɗe a naɗe. Sha ruwa sosai, iskar jirgi ta fi ta hunturu bushewa, ka sa man leɓe a aljihu. In kana shan maganin hawan jini ko na suga, a jakar hannu zai zauna tare da takardar likita, kuma da awa za ka riƙa ƙirga shi, ba da agogon garin da kake ba. Ka zauna da likitanka ku tsara kafin ka tafi. Abinci kuma a sa maka MOML a tikiti tun da sauran aƙalla kwana biyu, shi ne na Musulmi, in babu a sa na ganye. Vancouver a Oktoba ruwa ne da sanyi, Brisbane kuwa lokacin zafi ke ƙaratowa, don haka rigar sanyin a hannu, riga mara nauyi a ciki.

Ka tambayi masaukinka ko za su ba ka ɗaki da safe. Yawanci sai bayan azahar suke bayarwa, ni a kujerar falon otal na yi gyangyaɗin da ban taɓa yin irinsa ba.

Abu Hafsat, Tudun Wada

Allah ya gafarta Malam, ɗalibinka ne, ka koyar da mu a aji uku, ni ne mai zuwa a makare daga Tudun Wada. Ba isa na yi in yi fatawa a gabanka ba, abin da muka karanta a zaure ne zan maimaita, sai ka ƙara tuntuɓar malamai a cikin gari.

Lokutan salla da rana aka rataye su, a inda mutum yake: fitowar alfijir, gushewar rana daga tsaka, faɗuwarta, ɓacewar shafaƙi. Ba a rataye su da kalanda ba. Za ka yi Magariba da Isha a Vancouver kafin ka shiga jirgi. Daga nan, kamar yadda Kyaftin ya nuna, rana ba za ta fito maka ba balle ta gushe, don haka babu Azahar ɗin da lokacinta ya shiga ya fita kana zaune. Abin da ke gabanka Asuba ce kawai. Dare ɗaya ne ya yi tsawo, babu bashi. Juma'a kuma da ma ba ta wajaba a kan matafiyi. A lissafinmu ma ai daren Alhamis ɗin shi ne daren Juma'a, ka ga ka same shi har da ƙari.

Inda za ka sa ido shi ne Asubar. A Oktoba rana na fitowa a Brisbane da wuri, biyar da 'yan mintuna, ku kuwa sai 6:30 za ku sauka. In ka ce sai ka taka ƙasa, ta wuce. A sama za ta same ka, fitilu a kashe, tagogi a rufe, kowa na barci. Ka yi alwala tun da sauran kamar awa uku a sauka, kafin layin banɗaki ya taru, ka riƙa leƙa taga ta bayan jirgi. In ma'aikata sun ba ka wuri ka tsaya, to madalla. In ba hali ka yi a zaune da ishara, wasu malamai kuma suna son a sake ta bayan an sauka.

Wani abin da zai ba ka mamaki, Malam, shi ne gabas. Mu nan mun saba alƙibla da gabas abu ɗaya ne, har mukan ce a fuskanci gabas. A Vancouver alƙibla arewa take, ta ɗan karkata gabas. A Brisbane kuwa yamma take, ta ɗan karkata arewa, wato in ka bi mahudar rana ka ba Ka'aba baya. A cikin jirgi wajen Asuba za ta kasance ta hannun damanka, ɗan gaba kaɗan. Ƙasaru kuma a hanya ne, tunda a mazhabarmu ta Malikiyya wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikawa yake yi, kai kuma duk garuruwan biyu ka haura haka. Akwai tsohon masallaci a unguwar Holland Park a Brisbane, tun 1908 yake, in Allah ya sa ka samu Juma'a a can ka sa mu a addu'a.

Baban Sadiya, Samaru

Kai jama'a, Allah ya saka da alheri. Abu Hafsat, na gane ka sarai, ashe makarar ba ta hana karatu ba. Allah ya yi albarka.

Da safen nan na koma PZ. Los Angeles ta sha biro, ejan ya yi ta sosa ƙeya yana cewa ai da ma zai bincika. Maganar kaya kuwa Alhaji ka yi gaskiya, akwati ɗaya ne a tikitin tsakiyar, mun sa na biyun tun yanzu.

Ni a raina na so in bar daren Alhamis ɗin, tunda Kyaftin da Abu Hafsat sun kwantar mani da hankali, kuma sauka Asabar zai ba ni kwana biyu in warware kafin aikin Litinin. Na je Ƙofar Doka na karanta wa Hajiya bayanin tun daga awa 17 har zuwa Samoa. Ta saurara tsaf, ta tambaya ko mutanen Samoa ɗin Musulmi ne. Na ce akasarinsu Kirista ne. Ta ce, "To ka gani." Don haka an mayar da tikiti daren Juma'a, shawarar Bakano ta ci, abin da ban so a ji a Zariya ba. Zan sauka Lahadi da safe in shiga gona Litinin ido jajir.

Takalmin yana hannun Sadiya tun ɗazu, ta ce ƙasar da ta fito daga cikinsa ta isa a shuka gyaɗa. Uwargida ta karanta saƙonki, Maman Ikram, ta cire daddawa da kuka, amma ta ce yaji kam sai dai baturiyar ta sake yin atishawa.

Saura abu ɗaya. Masu ɗaukar nauyin tafiyar sun aiko da fom, kowane dare da layinsa, a rubuta garin da aka kwana a haɗa da rasit. Daren Juma'a na rubuta cikin jirgi. Layin daren Asabar fa, me zan sa?

Alhaji Na Kwari, Sabon Gari

Rubuta musu "tambayi Kyaftin", ka manna hoton tikitin a bayan fom ɗin. Kilishin kuma kada ya lalace a banza, shagona yana layin 'yan atamfa, ina nan har Magariba.